Matan da Suka Yi Shiru a Waya

Ofishinmu yana saman wani bene a Sama Road, a kan shagon da ake sayar da fanka da firji. Idan aka ɗauke wuta da rana, mai shagon yakan tayar da janareta don ya nuna wa masu saye cewa kayansa suna aiki, mu kuma a sama mu ji daɓen ɗakin yana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafarmu. Teburina yana jikin taga. Akwai dogonyaro a waje wanda reshensa ke shafar gilashi, kuma na sha zama ina kallon ganyensa har kwamfuta ta gaji da jirana ta rufe fuskarta.

A shekarar da nake ba da labari, aikin da ke hannunmu na wani ƙaramin asibitin yara ne a bayan gari. Iyaye mata suna manta ranar da za su dawo da yara rigakafi. Katin asibiti ko dai ya jiƙe ko ya ɓata, da yawansu ma ba sa karanta boko. Sai muka yi musu layin waya. Uwa za ta kira da kowace irin waya, ko da ƙaramar nan mai madannai, murya ta gaishe ta, ta ce, "Faɗi sunan yaron da kike tambaya a kansa." Idan ta faɗa, manhaja ta nemo shi cikin yaran da aka yi wa rajista da wannan lambar, ta gaya mata ranar dawowa. Dole a tambayi suna, domin waya ɗaya takan ɗauki yaran gida guda, na wa da na ƙane, wani lokaci har da na maƙwabta. Muryar da ke gaisuwar tawa ce. An zaɓe ni wai don ina magana a hankali kamar mai lallashin jinjiri. Na naɗe ta ne ina zaune a cikin ɗakin ajiye kaya, mun rataya bargo a ƙofa don ya tare ƙarar titi.

Sashen da ke sauraro kuwa, wanda ke gane cewa mutum ya fara magana, ya kama kalmar ya kai ta inda za a gwada ta da sunaye, ƙawata ce ta rubuta shi. Ba ta daɗe da zuwa ofis ba, tana cikin watannin gwaji, ba a riga an ba ta takardar zama ba. Iyayenta malaman makaranta ne daga Filato, amma a Sakkwato aka haife ta, kuma Sakkwatancinta ya fi nawa kauri, ni da karatu ya kai ni Zariya ya goge mini harshe. Tana da saurin hannu da saurin baki. Idan ta juyo ta gan ni ina kallon dogonyaro sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro.

"Hajiya, an dawo daga gajimare? Ƙaƙa kinka baro su?"

"Suna gaishe ki."

"Ina amsawa. To ki duba man layin ga, tun ɗazu shina yi man gardama."

Aikin nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Mahaifinta ya yi ritaya, mahaifiyarta kuma ciwon ƙafa ya zaunar da ita, yayyenta duk sun watse kudu. Irin aikinmu ba shi da yawa a garin nan. Ta taɓa gaya mini, tana ɓare gyaɗa ba tare da ta kalle ni ba, cewa idan ba a riƙe ta a nan ba, sai dai ta ɗauki jaka ta nufi Abuja ko Legas, ta bar tsofaffin su kaɗai.

Layin ya fara aiki lafiya. Daga baya sai babbar nas ta asibitin ta kira oga ta ce wasu mata suna kukan cewa wayar tana kashe musu kira ba ta gaya musu komai ba. Muka buɗe bayanan da manhaja ke ajiyewa a kan kowane kira. Ga su nan jere, kira bayan kira, an rubuta a gabansu: ba a ji murya ba. Ba duka ba ne, amma sun yi yawan da ba za a kau da kai ba, kuma wasu lambobin sun kira sun sake kira, kullum ƙarshen ɗaya.

Oga mutumin kirki ne, sai dai ba ya son abin da zai sa ya ji kunya a gaban mutane. Ya tsaya a bayan kujerunmu yana shafa gemu.

"Kunnen manhaja na yat toshe," in ji shi. "Kuma mun san wa yay yi kunnen."

Ya ce shugaban asibitin zai zauna da mu a ƙarshen wata. Idan har lokacin ba a gyara ba, zai cire sashen sauraron ya ba wani kamfani a Abuja su yi sabo. Dukkanmu mun san idan aka cire sashen, an cire kujerar mai shi.

Daga ranar muka shiga farauta. Dokar farko a aikinmu ita ce ka sa matsalar ta faru a gaban idonka, domin abin da ba ka gani ba ba za ka gyara ba. Muka kira layin da wayoyinmu, ya amsa tsaf. Muka aro ƙananan wayoyi daga wajen mai gyara a kasuwa, masu fasasshiyar fuska, masu batir da aka ɗaure da roba, duka suka yi aiki. Muka kira a ƙarƙashin fanka. Muka sauka muka kira a gefen janareta, mai shago yana kallonmu kamar waɗanda suka zautu. Ƙawata ta ari hijabina ta lulluɓe wayar da shi ninki biyu, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar amarya, manhaja ta ji ta. Har kabu-kabu ta hau ta kira ana tafiya, iska na kaɗa mata baki.

Ta ce watakila matan suna magana a hankali fiye da yadda ta zata, sai ta ƙara wa kunnen kaifi. Washegari muka tarar manhaja ta ɗauki kukan akuya a matsayin suna, ta yi ƙoƙarin nemo shi cikin yara, ta ba da haƙuri cewa ba ta same shi ba. Muka yi dariya har hawaye, sannan ta mayar da kaifin yadda yake. Ta ƙara tsawon lokacin jira. Abin da ya sauya kawai shi ne kiran yakan daɗe kafin ya mutu.

Na ga yadda abin yake cin ta. Ta daina tsokanata. Furar da muke saya da rana takan zauna a gefen kwamfutarta har ta yi tsami. Takan karanta rubutun da ta yi layi-layi tana motsa leɓe, ta kai ƙarshe ta koma farko, kamar mai neman ɗan kunne a cikin yashi.

Da farko ba ma ajiye muryoyin masu kira, abin da manhaja ta gane kawai muke ajiyewa. Muka roƙi babbar nas ta nemi izinin matan, waɗanda suka yarda muka fara naɗar kiransu na ɗan lokaci. Ranar da muka zauna sauraro, abin kunne ɗaya muka raba, ita dama ni hagu. Muryata ta fito ta yi tambaya. Sai shiru. Amma ba irin shirun layin da ya mutu ba. A cikinsa akwai taɓarya tana sauka a turmi can nesa, akwai zakara, akwai jinjiri yana gurnani kusa da wayar. Kuma akwai numfashi. Mace tana nan, wayar na jikin bakinta, tana numfashi a hankali. A wani kiran har na ji an buɗe baki an ja iska kamar za a yi magana, sannan aka sake ta.

"Suna nan," in ji ƙawata. "Kunnena lahiya lau shike. Su na ba su magana."

Muka kai wa oga. Ya saurara, ya ce to watakila ba sa jin tambayar ne, ko kuwa kunnen yana buɗewa a makare bayan sun riga sun faɗa. Duk inda aka juya, sashenta ne. Mu ma ba mu san me ya hana su magana ba.

Innata tana da irin ƙaramar wayar nan, kuma zamanta ya fi kusa da na matan fiye da namu. Ni na kawo shawarar mu gwada da ita. Ranar Asabar da hantsi ƙawata ta zo gidanmu a Gawon Nama da kwamfuta a jaka. Inna tana son ta. Takan ce yarinyar ta iya gaisuwa fiye da ɗiyan Musulmi na yanzu, ita kuma takan durƙusa har ƙasa don a ƙara faɗa. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar mangwaro, Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faranti.

Na riga na yi wa lambar Inna rajista da yara biyu na gwaji, na sa sunana da na autarmu, don su ne suka fara zuwa mini. Na buɗe kwamfuta inda zan riƙa ganin sauti yana shigowa, wani layi ne da ke tashi yana sauka idan ana magana, ya kwanta idan an yi shiru. Ƙawata ce ke ba da umarni.

"Inna, in kin ji ta tambaya, ki hwaɗi sunan auta."

"Wagga murya ai na san ta," in ji Inna da ta kara wayar a kunne. "Ashe kin iya ladabi in an sa ki cikin waya."

Ta faɗi sunan auta da ƙarfi, yadda take kiranta idan ta bar tukunya a wuta. Layin ya yi tsalle, manhaja ta gane, ta ba da rana.

"Madalla. To a sake kira. Yanzu babbar," in ji ƙawata.

Ni idona yana kan kwamfuta. Na ji muryata ta yi tambaya daga cikin wayar. Layin ya kwanta. Ya ɗan motsa kaɗan, irin motsin numfashi, ya sake kwanciya. Lokacin jira ya ƙare, rubutun nan da ya hana mu sukuni ya fito: ba a ji murya ba. Daɗi ya kama ni, irin daɗin da mai aikinmu kaɗai ya sani, na ganin matsala ta faru a gabanka bayan ta daɗe tana ɓuya.

"Ga ta," na ce. "Ta hito. Inna, mi kinka taɓa? Kada ki motsa, a sake."

Na ɗaga kai. Inna ta sauke wayar a cinya, ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, idonta a kan shinkafa, tana tsince abin da babu. Ƙawata kuwa ta zuba mini ido, bakinta a ɗan buɗe.

"Ke," ta ce a hankali. "Ke ta ɗiyar fari."

Ni ce 'yar fari. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" nake, ko "wagga", ko "yarinyar can" idan tana ba wani labarina. Idan tana nemana a cikin gida sai ta ce wa auta, "Kira man yayarki." Ranar da na gama jami'a, mata suka cika gidan nan suna ta ambatona, ita tana ɗaki tana zuba musu abinci kamar bikin na maƙwabta ne. Ban taɓa jin zafin haka ba, ban ma taɓa tsayawa na kalle shi ba, kamar yadda mutum ba ya tsayawa ya kalli ƙofar ɗakin da ya tashi a ciki. Na san kunyar ɗan fari kamar yadda na san hanyar gidanmu. Amma da na zauna gaban kwamfuta, ita ba ta biyo ni ba.

"Ku dai ba ku da aikin yi," in ji Inna daga bayan mayafi, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ku aza ni gaban waya ku ce in hwaɗi wanga abu."

"Inna, ko sau guda? Don aiki na," in ji ƙawata, tsokanarta ta fara dawowa.

"Ke kiyaye ni, ɗiyar malam. Ke uwarki tana hwaɗin na yayanku?"

"Mama? Har da na baftisma take haɗawa, tun daga bakin titi ake ji."

Inna ta girgiza kai ta ce kowa da irin gidansu. Ƙawata ta matsa kusa ta tambaye ta wane suna kuma uwa ba za ta faɗa ba. Inna ta ce ai in an sa wa yaro sunan uban miji ko uwar miji, ko na uban ita matar, wace mai hankali za ta buɗe baki ta kira shi gatsal? Sai dai mai sunan malam, ko mai sunan baba, ko wani laƙabi da gida ya ba shi. Ta faɗi haka tana hura ƙaiƙayi daga faranti, kamar mai gaya mana cewa rana tana faɗuwa yamma.

A nan kan tabarma muka kira babbar nas muka karanta mata wasu daga cikin lambobin da ke yin shiru. Ta san matan. Wannan haihuwarta ta fari ce. Wannan ma. Wannan nata na uku ne, amma sunan kakansa ya ci. Asibitin rigakafi kuwa, wa ya fi cika shi in ba masu goyon fari ba?

Ni na fara cewa to a cire tambayar suna gaba ɗaya, a ba kowane yaro lamba. Ƙawata ta ce lambar za ta bi katin, ta jiƙe ta ɓata. Ta ja kwamfutar gabanta ta buɗe wurin da ta rubuta abin da manhaja za ta yi idan ba ta ji komai ba. Layi ne gajere: ta ba da haƙuri, ta kashe kira. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ai sun amsa," ta ce. "Ni ta ban iya ji ba."

Ta goge layin. A madadinsa ta rubuta cewa idan an yi shiru alhali ana jin mutum a kan layi, manhaja ta duba ko akwai ɗan fari a yaran wannan lambar, ta tambaya ko shi ne. Uwa ba ta bukatar ta ce komai sai "I". In ba shi ba ne, a tambaye ta yadda take kiransa a gida, kuma daga yanzu nas za ta riƙa tambayar wannan tun ranar rajista. Aka bukaci sababbin tambayoyi da muryata. Na shiga ɗakin Inna na rufe ƙofa, na zauna tsakanin gado da jeren kwanoni, na yi ta maimaita "Na farin ne?" da "Ta farin ce?" har sai da suka fito yadda nake so, ba kamar mai bincike ba, kamar maƙwabciyar da ta riga ta sani.

Muka sake ba Inna wayar. Tambayar suna ta zo, ta yi shirunta. Sai muryata ta ce, "Ta farin ce?" Inna ta kalli wayar, ta kalli bango, ta ce, "Ita ta." Manhaja ta sanar da ita ranar da za ta kai ni rigakafi. Inna ta ce to Allah shi kai mu, za ta goya ni.

Kiran nan na Inna, wanda ta fara yin shiru a cikinsa, bai shiga cikin na asibiti ba, na gwaji ne, yana kwamfutata. Ban goge shi ba. Akwai tsakuwa tana faɗawa gefen faranti, akwai kurciya a kan mangwaro, akwai numfashinta. Sunana yana wurin, a daidai inda ta ja iska ta fasa.

Ranar Litinin muka sami oga yana shan shayi. Ƙawata ta fara bayani da lambobi da zane, na ga bai gamsu ba, yana ta cewa a zamanin nan wa ke wannan. Sai ta ajiye biro.

"Ranka shi daɗe, mi as sunan babban ɗanka?"

Oga ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ɗauki kofin shayi ya duba cikinsa, ya juya ya kalli taga.

"Ai kin san shi," ya ce. "Wanda ka zuwa ɗaukata ran Juma'a."

"Na san shi. Sunan nika tambaya, don aiki."

"Ke ba ki da ta ido," in ji oga, dariya tana cin ƙarfinsa. "Ku tai ku aza gyaran."

Ranar zama da shugaban asibiti, ba a ofishinsa aka yi ba. Babbar nas ta ce a fito rumfar da mata ke jira, a gwada a gaban kowa. Ta zaɓo wata yarinya mai goyon fari, ba ta kai ni shekaru ba, ta lulluɓe har goshi, jinjirin yana barci a bayanta da hular ulu duk da zafin da ake yi. Ta kira da wayar mijinta, aka buɗe lasifika. Da aka tambayi suna ta sunkuyar da kai, matan da ke kan benci suka fara murmushi suna taɓa juna. Ƙawata tana tsaye kusa da ni, ta kama gefen hijabina ta murɗe. Sai tambaya ta biyu ta zo. Yarinyar ta ce "I" da muryar da ko ni da ke kusa da ƙyar na ji, amma kunnen ya ji. Aka gaya mata rana. Wata tsohuwa a ƙarshen benci ta ce ashe wayar ma an yi mata tarbiyya.

A hanyar dawowa oga ne ke tuƙi, mu biyu muna baya, gilashi a sauke don na'urar sanyaya motar ta daɗe da mutuwa. Da muka shigo gari muka tsaya a danja sai ya kalli ƙawata ta madubi.

"Gobe ki taho da hoto guda biyu, na katin aiki. Mai kyau, ba wanda kike harara ba."

"To, ranka shi daɗe."

Ta juya ta kalli titi. Can ta laluba jaka ta ciro waya ta kira gida. Mahaifiyarta ta ɗauka, kuma tun kafin a ce komai na ji muryarta ta cika motar, tana kiran sunan 'yarta cikakke, tana tambaya ko ta ci abinci.